Shekarar da Muka Dasa Dogon Yaro Kamar Albasa

Azumin bana ya zo mana daidai da cirar albasa, kuma tun ranar farko jikina ya gane shi. Zafin nan ne mai tasowa daga ƙasa ya shige ka ta tafin ƙafa, ga warin albasa ya cika gari, ga maƙogwaro ya bushe tun da hantsi. Jikokina suna ta kukan wahala, alhali kowa da ƙanƙararsa a leda tana jiran magariba, fankar sola tana juyawa a kansu. Na dube su na ce, sannunku da ƙoƙari, 'yan gata. Rabon da in ga azumi ya faɗo cikin bazara irin wannan an haura shekara talatin, kuma wancan ɗin ne yake ta dawo mini duk kwanakin nan.

Lokacin ina da ƙarfina, ina kuma da bakina. A unguwarmu ta bayan Maiyama babu wanda ya kai ni dashen albasa. Garba mai hannu ake ce mini. Har daga Aliero ake aikowa in je in duba wa mutum fangalinsa, kuma ku kun san mutanen Aliero ba su cika yarda wani ya fi su sanin albasa ba. Wannan yabon ya shiga kaina ya zauna daram.

Innata ta rasu a farkon daminar da ta gabaci wancan azumi. Muka binne ta a gefen maƙabarta ta gabas, don can ne wuri ya rage. Akwai wata 'yar hanyar ruwa da ke saukowa daga tudu ta wuce ta nan, wadda akuya ke tsallakewa ba ta ko ɗaga kai. Kafin daminar ta fita, 'yar hanyar nan ta zama kwazazzabo mai haɗiye mutum a tsaye. Mu muka jawo shi da gatarinmu, ba wani ba. Itatuwan tudun duk mun sare su, wasu mun kafa rudu na ajiyar albasa, wasu mun yi jigo na ɗiban ruwa, sauran mata sun hura wuta. Da kaka na je na auna da ƙafata daga kabarin Inna zuwa bakin ramin, taku bakwai. Kowa ya san in wata damina ta same shi a haka, Inna za ta bi ruwa.

Can ƙasa da maƙabartarmu, inda kwazazzabon ke lanƙwasawa, akwai wani ɗan fili da hakimi ya ba Kiristocin garin tun da daɗewa suna binne nasu. Ba su da yawa, malaman makaranta ne da ma'aikata, akasari mutanen ƙasar Zuru. Babbansu shi ne Malam Ishaya, malamin gona, wanda kuma yake ja musu addu'a ranar Lahadi a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano. Gajere ne, baƙi, ba ya ɗaga murya. Matarsa Rahila tana kwance a filin nan, shekara biyu ke nan a lokacin. Na san da haka sarai, don har gaisuwa na je masa. Amma ni a wancan rani babu kabarin da nake gani sai na Inna.

Mu Musulmin unguwar kuwa mun rabu gida biyu. Akwai tsohon masallaci na Liman Buhari, akwai sabo na Malam Haruna, wanda ya dawo daga karatu da sababbin maganganu. Wasu suna salla hannu a sake, wasu hannu a ƙirji, kuma a kan wannan har 'yan uwa sun daina cin tuwo a kwano ɗaya. Ni ɗan tsohon masallaci ne, kuma ina cikin masu zafi. In na hango ɗan sabon masallaci a hanya, sai tari ya taso mini don kada in yi sallama.

Malam Ishaya ne ya bi limaman nan ɗaya bayan ɗaya. Ban san abin da ya gaya musu ba. Abin da na sani shi ne, mako guda kafin ganin wata aka yi shela a masallatan biyu cewa a haɗu a gindin tsamiyar kasuwa, don babu ɓangaren da zai yarda ya taka ƙofar ɗan uwansa. Muka zauna, su can mu nan, Kiristoci a tsakiya kamar shinge. Liman Buhari ne ya fara magana, carbi a hannu.

"Ubana na can maƙabarta kwance," ya ce, "uban Haruna na kusa da shi. Ruwa in ya zaka ba shi tambayar wa ka sakin hannu wa ka riƙewa. Ku saurari malamin gona."

Malam Ishaya ya tashi ya yi bayani da sanda a ƙasa. Ya ce a ƙasarsu ta duwatsu haka iyayensu ke yi: a jera dutse layi layi a gicciye kan hanyar ruwa, a fara daga can saman tudu a yi ta saukowa. Kowane layi ya rage wa ruwa gudu, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Bayan kowane layi a dasa ciyawar jema daga fadama, a gefe kuma a dasa itatuwa don gaba. Ya lissafa layi goma sha biyu. Na tara shi ne daidai kabarin Inna, na sha ɗaya da sha biyu su ne na wajen filinsu. Na miƙe na ce a fara da na tara mana, tunda can ne wuta ta fi kamawa. Ya ce a'a, in aka fara daga ƙasa, ruwa zai zo da dukan ƙarfinsa ya kwashe dutsen. Na zauna ina huci, amma aka bi tasa.

Haka azumi ya same mu. Shekarar hatsi ya yi ƙaranci, don ruwan bara mai yawan nan ya kwantar da gero. Albasa kuwa ta yi kyau har ta yi arha, kowa yana da ita babu mai nema. Uwar Sani, matata, ta iya dabara. Da sahur tuwon dawa ne da miyar kuka wadda rabinta albasa ce. Da shan ruwa kunun tsamiya ne mai ruwa-ruwa, sai ƙosai in an samu wake, in ba a samu ba a yanka albasa a barbaɗa ƙuli da gishiri. Har yau in na ji ɗanyar albasa da ƙuli sai cikina ya tuna da shekarar.

Ana sallame asuba muke fita da jakai da amalanke biyu zuwa tudu, inda ake fasa marmara. Wannan lokacin ne kaɗai duniya ke da daɗi. Iska tana ɗan motsi, dutse bai yi zafi ba, mutane har da raha. Kafin rana ta kai tsaka kuwa dutsen ba ya taɓuwa sai da tsumma, leɓe ya tsage, yawu ya yi kauri, ido ya riƙa ganin ƙasa tana rawa. Daga nan sai mu zube a inuwa, su Malam Ishaya su karɓa. Su ne ke aikin tsakar rana zuwa la'asar, malaman makaranta suna tashi daga aji su tuɓe riga su kama. Sun ce su ma suna cikin nasu azumin na kwana arba'in, sai dai nasu bai hana shan ruwa ba. Duk da haka ban taɓa ganin ɗayansu ya kai gora baki a gabanmu ba. Sai mutum ya sulale bayan amalanke, ya dawo yana goge baki a ɓoye. Ranar Lahadi da safe kuma mu ne ke riƙe wurin har su fito.

A rana ta takwas muna layi na huɗu sai ga wata motar albasa da ta dawo fanko daga Jega, cike da tsiron itatuwa a baƙaƙen ledoji, dogon yaro da bagaruwa. Wani wurin renon itace ne can rijiyarsa ta ja baya, suka ce duk mai so ya zo ya kwasa kafin su bushe. Malam Ishaya ne ya shirya zuwansu, amma ran nan an kira shi Andarai duba wata gona, sai washegari zai dawo. Ya bar saƙo a ajiye su a inuwa a yayyafa musu ruwa.

Ni kuwa da na ga iri a ajiye, hannuna ya fara ƙaiƙayi. Manomin albasa bai san iri ya kwana ba a dasa ba.

"Mi za mu jira?" na ce. "Dashe na hwa, ba karatun likita ba. Mu da munka tashi cikinai, malamin gona za shi koya muna?"

Babu wanda ya musa. 'Yan tsohon masallaci da 'yan sabo, karo na farko cikin shekaru, bakinsu ya zo ɗaya, don dukanmu albasa ce ta rene mu. Muka yi wa itatuwan nan abin da muka saba yi wa irin albasa. Muka yage leda, muka kaɗe ƙasar da ke jikin saiwa tas, muka datse saiwar don kada ta lanƙwashe, muka aske kan ganyen don kada rana ta sha shi. Muka tsara fangali masu kyau a gefen kwazazzabo, muka soka yatsa muka dasa su kusa da kusa, tazarar tafin hannu. Wallahi aikin ya yi kyau a ido. Na tsaya na riƙe ƙugu ina kallo, ina jin da ma mutanen Aliero su zo su gani.

Washegari da hantsi Malam Ishaya ya iso a kan kekensa. Ya sauka, ya jingine keken, ya bi fangalin nan daga farko har ƙarshe. Ya tsuguna ya zaro ɗaya, ta fito sumul babu ko ɗigon ƙasa. Ya juya ta, ya sake juya ta.

"Wa ya aske su?"

Duk aka juyo aka dube ni, har da waɗanda suka fi ni saurin aski jiya.

"Malam Garba," ya ce, "wannan ba albasa ba ce. Ƙasar da ke cikin ledar ita ce ranta. Rami ake haƙa mata har gwiwa, a sa ta da ƙasarta, a ba ta taku biyar tsakaninta da 'yar uwarta. Albasa wata huɗu za ta yi ka cire. Wannan jikanka ake dasa wa."

Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa, mutane suka kama, har Malam Haruna da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Ni kaɗai ne ban yi ba. Kafin kwana uku duk suka zama tsinke. Da na shiga gida uwar Sani ta miƙo mini kunu tana kallon gefe.

"Malam, an ce bana itace za mu ci da ƙuli?"

Na ce ta kiyaye ni, bakina da azumi na wuni. Ta ce ai an sha ruwa.

Kunya ce ta sa na yi abin da ya fi askin muni. Na ji an ce akwai sauran tsiro a Jega, amma ba za su wuce mako ba. Motoci duk sun yi kudu da albasa, babu wadda za a samu. Na tashi a gindin tsamiya na ce a ba ni jakai da amalanken nan biyu in je in kwaso. Malam Ishaya ya ce a bari. Ya ce itace zai iya jiran baɗi, dutse ne ba zai jira ba, kuma dabbobin nan su ne ƙafar aikin. Na ce ashe so yake a yi ta yi mini dariya har baɗi. Limaman biyu kuma kowa ya riga ya faɗa a kan mumbari cewa masallacinsa zai raya layin itace, sadaka mai gudana, babu mai son a ce nasa ya mutu. Suka goyi bayana. Malam Ishaya ya dubi gabas, ya dube ni, ya ce to.

Sawu biyu muka yi zuwa Jega, da azumi, a ƙafa, muna bin jakai. Da tafiya da dawowa da haƙar ramuka, kwana shida dutse bai motsa daga tudu ba.

Dashe na biyu kam an yi shi yadda ya kamata. Sai matsalar ruwa, don rijiyoyi sun ja baya, guga sai ta daɗe tana lilo kafin ta taɓa. Liman Buhari ne ya kawo dabara. Ya ce a kafa kasko a wurin alwala, kowa ya yi a kansa, ruwan da ya taru a kai wa itace. Malam Haruna da ya ji, ya ce nasa masallacin kasko biyu za a sa. Aka bi gida gida aka tattaro tsofaffin tuluna masu tsaga, aka binne ɗaya a gindin kowane tsiro, a zuba ruwa a ciki a rufe, ya riƙa tsatsafowa a hankali. Matan Kiristoci, da yake su suna fita, su ne ke ɗaukar ruwan a ka da yamma suna zubawa, ba su tambayar wannan layin na wane masallaci ne. Gasa ta ɓarke. Bayan la'asar sai ka ga dattijo ya zagaya wai zai duba akuyarsa, alhali ganyen layin abokan hamayya ya je ƙirgawa. A nan na fara yi wa 'yan sabon masallaci sallama, don ba ka iya tambayar mutum yadda ya yi bagaruwarsa ta fi taka kore ba ka gaishe shi ba.

Yanzu in ka bi ta wurin, kurmi ne. Masu babur suna tsayawa su sha iska, yara suna tsintar 'ya'yan bagaruwa su kai wa majema. Inji ke jan ruwa a fadama, babu mai saran itace don jigo, matasa ma ba su san yadda jigo yake ba. Suna tsammanin itatuwan nan da kansu suka fito.

Muka koma kan dutse a goman ƙarshe, jiki ya riga ya mutu. Zafi ya canza, ya zama mai nauyi da gumi, irin wanda ke gaya maka ruwa ya kusa. Kullum da la'asar hadari yana haɗowa a gabas, ya yi baƙi, ya yi ruguntsumi, ya watse. Kullum ni kuma sai na je na auna takuna bakwai, kamar wani zai sace ɗaya. Layi na shida, na bakwai. Jaki ɗaya ya kwanta ya ƙi tashi. Na takwas muka gama ranar jajibiri. Ranar salla, ana saukowa daga idi, ban ko tsaya cin tuwo ba na tuɓe riga na nufi tudu, kuma da na waiwaya sai na ga mutane suna biye da ni, nasu da namu. Su Malam Ishaya sun riga mu can.

Layi na tara ya ci kwana biyu, don wurin ya fi faɗi. Malam Ishaya da kansa ya jera shi, yana zaɓen dutse yana juya shi har ya zauna. Ya sa aka ninka kaurinsa, aka cusa jema a bayansa. Da aka ɗora dutsen ƙarshe na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na kama hannunsa da hannu biyu na yi ta godiya. Na tafi gida na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Ban tambaye shi saura layi nawa ba.

Kwana huɗu bayan salla, muna tsakiyar layi na goma, iska ta juyo da sanyi bayan azahar. Ƙamshin ƙasa ya riga ruwan isowa. Muka kwance jakai muka ruga rumfar kasuwa. Kai, ruwa! Ba irin yayyafin farkon damina ba ne, kamar da bakin ƙwarya ake zuba shi. Yara suna tsalle tsirara a cikinsa, mata suna tara tukwane a bakin indararo, mu kuwa muna tsaye muna jin kukan kwazazzabo daga nesa. Bai tsaya ba sai gab da la'asar.

Na riga kowa isa. Ina gudu ina zamewa a laka. Layukan suna nan, kowanne ya tara jar ƙasa a bayansa, ruwa yana tsiyaya ta tsakanin duwatsu a hankali. Na isa wurin Inna na auna. Taku shida da rabi. Na durƙusa a cikin lakar na yi kuka kamar yaro, ina alhamdu lillahi, ina kiran sunanta.

Da na ɗago sai na hangi Malam Ishaya can ƙasa, tsaye shi kaɗai a wurin lanƙwasar. Na sauka ina murna zan gaya masa aikinsa ya riƙe. Da na matso sai na ga abin da yake kallo. Ruwan da ya gangaro ta gefen gari ya haɗu da na kwazazzabo a ƙasan layi na goma, inda babu dutse ko ɗaya, ya daki kusurwar filinsu ya yanke ta. Kabari biyu sun tafi. Ɗaya na wani tsohon malamin makaranta ne. Ɗayan na Rahila ne, babu abin da ya rage sai rabin ramin da guntun katako a maƙale.

Layi biyu da rabi suka rage. Na yi lissafin a tsaye a wurin, ba na so amma kaina ya yi shi. Aikin kwana biyar ne.

"Malam Ishaya," na ce, "kwana shidan ga, ni nac ci su."

Ya share ruwa daga fuskarsa ya ce, "Rana ta kusa faɗuwa. Ka taya ni nemanta."

Labari ya kai gari. Mutanen masallatan biyu suka sauko, muka bazu a cikin kwazazzabon muna bin laka da hannu har bakin fadama. Abin da aka samu aka samu. Malam Ishaya ya gane nata da wani abin hannu na jan ƙarfe da aka binne ta da shi. Liman Buhari ya aika gida aka ɗauko farin yadi sabo, wanda kowa ya san likkafani ne ya ajiye wa kansa, ya yaga biyu ya miƙa. Malam Haruna ya nuna wani wuri a sama da layi na tara, kan tudu, gonar gidansu ce, ya ce a sa su nan.

Washegari da sassafe na zo da magirbi na ce kowa ya matsa, ni zan haƙa nata. Ƙasa ta yi laushi da ruwa, tana ƙamshi. Na haƙa babban rami, na daidaita gefensa, sannan na shiga na fitar da ƙaramin rami siriri a tsakiya, na fuskantar da shi yadda aka saba. Sai da na fito ina kaɗe hannu na ga Kiristocin nan suna kallon juna. Sannan na gane. Kabarin Musulmi na haƙa mata. Hannuna bai san wani iri ba, kuma ban tambaya ba. Su faffaɗan rami suke yi saboda akwati. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Na sake yin kuskure," na ce. "Ka yi haƙuri. Bari in gyara."

Na ɗaga magirbi, ya riƙe ƙotar.

"Bar shi, Garba. Akwatin ya tafi. Wannan ya ishe ta."

Ya sauka cikin ramin, ya miƙo hannu. Ni na ɗauko ƙunshin farin yadin na ba shi. Bai kai nauyin kwandon iri ba. Ya kwantar da ita a cikin ƙaramin ramin, ta shiga daidai, ya gyara bakin yadin. Sannan ya ɗago ya tambaye ni yadda muke rufewa. Na ce da itace ake jerawa a kai, a toshe da laka don kada ƙasa ta taɓa ta. Ya ce to, a yi mata haka.

Muka ja baya muka tsaya, hula a kai, hannu a baya, suka yi waƙarsu da addu'arsu. Da suka gama aka mayar da ƙasa. Babu wanda ya koma gida. Malam Ishaya ya ɗaura wa jakin farko mangala da kansa, muka bi shi tudu, don saura layi biyu da rabi kuma hadari yana sake haɗowa.